Me Ya Sa Maɓallin Kwamfuta Ke Sauya Kama Idan An Danna Shi?

Tun 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, duk ɗalibin Mai'adua ko Koza da ke neman gurbin karatu sai ya zauna gaban na'ura. Da yawansu gwanaye ne a wayar hannu, amma a zauren jarrabawa suke fara riƙe linzamin kwamfuta. Can za ka ga yaro ya danna, ya sake dannawa, yana waige-waige, don bai tabbata na'urar ta ji shi ba.

Alhali kuwa ta ba shi amsa. Maɓallin da ya taɓa ya ɗan yi duhu ko ya lotsa ciki, lambar tambayar da ya amsa kuma ta sauya launi. Ba ado ba ne. Kamar mai shago ne ya ce "na'am" idan an yi masa sallama.

A gaskiya babu abin da ke lotsawa a fuskar kwamfuta, zane ne ake sauyawa. A Windows 95, ana zana maɓalli da farin layi ta sama da hagu, baƙin layi ta ƙasa da dama, sai ido ya ga kamar ya taso. Da zarar yatsa ya sauka kan linzami, manhajar takan samu saƙo, ta juya hasken da inuwar, ta gusar da rubutun da ɗigo ɗaya tak. Nan take ido ya ga maɓalli ya nutse. Kuma a galibin manhajoji umarnin ba ya tafiya sai an ɗaga yatsa a kan maɓallin. Saboda haka wanda ya danna bisa kuskure zai iya janye linzamin gefe kafin ya saki, a wuce wurin ba a yi komai ba. Ɗalibai kaɗan ne suka san wannan.

Sauri ma yana da muhimmanci. Tun 1968 mai bincike Robert Miller ya nuna cewa amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ita ce mutum ke ɗauka ta nan take. Idan ta yi jinkiri, zuciya ta fara kokwanto, yatsa ya sake sauka.

Daga 2012, da Windows 8 ta zo da zane shimfiɗaɗɗe marar inuwa, launi ya karɓi aikin. Abin ya yi kyau a ido, sai dai baƙon kwamfuta yakan kasa bambance maɓalli da rubutu kawai. JAMB ta rage wannan wahala a 2017 da tsarin haruffa takwas da ake dannawa maimakon linzami: A zuwa D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki, R don fasa miƙawa.

Matasanmu da ke rubuta manhajoji don shaguna da makarantu da ɗakunan shan magani su kula da wannan. Maɓallin biyan kuɗi ko na ajiye bayani ya dushe, ya daina karɓar danni har aikin ya kammala, kada a rubuta wa mai saye kaya sau biyu a ranar kasuwar Lahadi. Shugabannin makarantun sakandare na ƙaramar hukumar Mai'adua kuma su nema wa 'yan ajin ƙarshe damar zama gaban kwamfuta tun kafin lokacin jarrabawa ya matso.