Abincin Keto: Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyin Jini

A Belel, kamar sauran garuruwan ƙasar Mubi, abinci shi ne tuwon dawa ko na masara. Tsarin keto kuwa juya kwanon yake yi: a janye tuwo, shinkafa da sukari, a cika da man shanu, ƙwai, nama da man gyaɗa. Da sitaci ya yanke, sai hanta ta narka kitse ta samar da sinadarin ketone, ƙwaƙwalwa ta koma amfani da shi.

Asalinsa magani ne, ba dabarar rage ƙiba ba. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara shi domin masu farfaɗiya. Har yau yana rage faɗuwa ga wasu yaran da ƙwayoyi suka kasa.

Sai dai yana da farashi. Yakan ɗaga kitse a jini, an kuma ga jijiyoyin jinin wasu yara sun ɗan ƙage. Ga jinkirin girma da tsakuwar ƙoda. A gwajin ɓeraye masu ciki, siffar ƙwaƙwalwar 'ya'yan ta sauya.

Mai juna biyu da ƙaramin yaro kada su taɓa shi sai da izinin likita.