Radiyam da Tiritiyam a Fuskar Tsohon Agogo

Masu tara tsofaffin agogunan hannu sukan fara duba fuska kafin su tambayi lafiyar inji, domin inji ana gyara shi, fuska kuwa in ta lalace ta lalace ke nan. A fuskar ma, abin da ya fi jawo gardama shi ne ɗan fentin nan da ake shafawa a kan lambobi da hannayen agogo don su haska cikin duhu. Daga Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa ƙarshen shekarun 1990, sinadarai biyu ne suka fi riƙe wannan aiki, radiyam da tiritiyam, kuma wanda bai iya bambance su ba yana iya asarar kuɗinsa, ko ya taɓa lafiyarsa.

Dabarar ɗaya ce. Ana cuɗa sinadarin da wani gari mai suna zinc sulfide, tiririn da ke fita daga sinadarin yana dukan garin, garin yana ba da haske dare da rana ba tare da batir ba. Radiyam ne babba. Marie da Pierre Curie suka gano shi a 1898, sojojin da ke kwance cikin ramuka a Turai suka buƙaci agogon da za su karanta ba tare da kunna ashana ba, kasuwarsa ta buɗe. Tiritiyam wani nau'in haidurojin ne, ya karɓi aikin a farkon shekarun 1960, ya riƙe shi har wajen 1998, lokacin da Luminova, fentin kamfanin Nemoto na Japan wanda ba ya fitar da tiriri ko kaɗan, ya maye gurbinsa.

A yau duk biyun sun daina haske, sai dai ba ciwo ɗaya ya kashe su ba. Radiyam sai ya yi shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, don haka agogon 1940 yana ɗauke da kusan kashi 96 cikin 100 na tiririn da ya bar masana'anta da shi. Garin ne ya ƙone saboda yawan duka, sinadarin yana nan daram. Tiritiyam kuwa rabinsa yana tafiya duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, agogon 1970 abin da ya rage masa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Na farkon garwashi ne da toka ta rufe, na biyun toka ce zalla, amma cikin duhu kamarsu ɗaya.

Ta fuskar haɗari, tarihin radiyam yana da nauyi. A garin Orange na jihar New Jersey, 'yan matan da ke yi wa kamfanin United States Radium Corporation fentin agogo an koya musu su riƙa daidaita bakin buroshi da leɓe don ya yi tsini. Jiki yana ɗaukar radiyam tamkar sinadarin gina ƙashi, sai ya zauna a ƙasusuwa, muƙamuƙai suka riƙa ruɓewa. Grace Fryer da abokan aikinta huɗu sun kai ƙara, aka sasanta a 1928 kan dala 10,000 kowacce da dala 600 duk shekara. Wanda ya ɗaura irin wannan agogo jefi-jefi bai shiga halin da suka shiga ba, domin su haɗiya suka yi. Amma fentin yana bushewa ya zama ƙura, yana kuma fitar da iskar radon da ke taruwa a rufaffen akwati. Wanda na fi jin tsoro dominsa shi ne mai gyaran agogo na bakin titi, wanda ya saba cire gilashi ya hure ƙura da baki. Tiririn tiritiyam kuwa ko gilashin agogo ba ya iya ƙetarewa, balle fata.

Wajen ganewa sai lamarin ya juya. Tiritiyam yakan rubuta sunansa: a ƙasan lamba 6 za ka ga "T Swiss T" ko "Swiss T<25", wato tiririnsa bai kai ma'aunin milikuri 25 ba. Agogunan sojan Birtaniya suna da harafin T cikin da'ira, na sojan Jamus ta Yamma "3H" cikin jar da'ira. Radiyam galibi ba ya sa hannu. Rolex na kafin 1963 "Swiss" kawai ake rubuta masa, kuma abin dariya, kamfanin ya sake komawa "Swiss" kawai a wajen 1998 sa'ad da ya fara amfani da Luminova, sai kalma ɗaya ta zama tana nufin mafi haɗari da kuma marar haɗari. Sai dai rubutu ana iya buga shi jiya. Radiyam, ko bai yi magana ba, na'urar Geiger mai auna tiriri tana kusantarsa za ta fara ƙara. Tiritiyam na asali da na jabu duk shiru suke yi mata. Abin da ya rage wa mai saye shi ne irin tocilar nan ta duba jabun kuɗi: tsohon tiritiyam yakan ɗauki haske ya sake shi nan da nan, sabon fentin da aka rina da launin tsufa kuwa sai ya daɗe yana walƙiya.

Tsufansu ma ba iri ɗaya ba ne. Radiyam yakan koma ruwan ƙasa mai duhu, ya yi gari-gari, wani lokaci ya bar tabon ƙuna a fuska daidai inda hannayen agogo suka yi shekaru a tsaye. Tiritiyam yakan koma ruwan madara ko ruwan goro, sumul, kuma wannan launin ne 'yan kasuwa ke ƙara wa kuɗi, musamman in na lambobi ya dace da na hannaye. In bai dace ba, akwai alamar an taɓa canza wani abu.

Da za a ajiye mini biyun a faifai, na tiritiyam zan ɗaura, in dai na gwada shi da tocila kuma na san hannun da ya fito. Na radiyam ba zan ƙi saye ba, domin asalin fentinsa ya fi sauƙin tabbatarwa, amma zamansa a kan kanta ne a ɗaki mai shan iska, nesa da gado da hannun yara, kuma in gilashinsa ya tsage sai wurin mai gyaran da ya san abin da ke ciki.