Ƙwallo da Karatu: Kada Matashi Ya Ajiye Littafi Kafin Ya Cika Shekara 18

Da zarar an idar da sallar La'asar, filayen makarantu da na unguwanni a Kano, Jos, Kaduna da Maiduguri kan cika da matasa masu taka leda. Kusan kowace unguwa da kulob ɗinta da kocinta, kuma da wuya a samu yaron da bai san labarin Ahmed Musa ba: haifaffen Jos da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya wuce Holan, daga can Rasha, sannan Leicester City ta Ingila a 2016. Burin bin sahunsa ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da ɗan aji huɗu ko biyar na sakandare ya fara gudun darasi saboda atisaye, a hankali har ya daina zuwa makarantar ɗungurungum.

Ya kamata iyaye da yaran su san ƙanƙantar ƙofar da ake rububin shiga. Ƙungiyoyi 20 ne ke buga babbar gasar Najeriya ta NPFL. Ko da kowace ta ɗauki 'yan wasa 40, gurabe 800 ke nan ga ƙasa guda. A Ingila ma, inda ake da kuɗi da kayan aiki, marubucin wasanni Michael Calvin ya ƙiyasta a 2017 cewa cikin yara miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a ƙungiyoyin matasa, 180 kacal ne za su zama 'yan wasan gasar Firimiya.

Akwai kuma dokar da yawancin iyaye ba su taɓa jin labarinta ba. Sashe na 19 na dokokin sauya sheƙa na hukumar FIFA ya hana kulob ɗaukar ɗan wasa daga wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura zuwa can don wani dalilin da ba na ƙwallo ba. Shi kansa Ahmed Musa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya samu damar buga wa VVV-Venlo ta Holan. Saboda haka yaron da ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 don wai za a fitar da shi Turai, ya yi asarar shekara uku ne a banza, kuma su ne shekarun da ake kammala sakandare a cikinsu.

A wannan tsakanin ne 'yan damfara ke samun shiga. Mutum zai zo da takardar gayyata mai tambarin wani kulob, ya ce a kawo kuɗin biza da na jirgi, wasu iyayen har fili ko gona suke sayarwa. A 2015 binciken BBC ya gano cewa an kai yara 23 daga Afirka ta Yamma, har da 'yan shekara 14, zuwa ƙungiyar Champasak United ta ƙasar Laos, inda suka riƙa kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa. Dillalin gaskiya yana da lasisin FIFA, kuma ba ya da ikon tuntuɓar yaro ƙarami sai da rubutaccen izinin mahaifinsa ko waliyyinsa.

Rage shekaru shi ma tarko ne. Tun 2009 ake ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI don tantance 'yan ƙasa da shekara 17, kuma a 2016 gwajin ya kayar da 'yan wasan Najeriya 26 ana dab da karawa da Nijar. Ban da wannan, tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Idan ranar haihuwar da ke jikin fasfo da NIN ta saɓa da wadda ke takardar WAEC, gyaran kan ci lokaci da kuɗi.

Sai batun rauni. Tsinkewar jijiyar gwiwa kan ajiye ɗan wasa wata shida zuwa shekara guda bayan tiyata, kuma kulob ɗin unguwa ba shi da halin biyan kuɗin aikin.

Haɗa ƙwallo da karatu kuwa abu ne da aka sha yi. A tawagar da ta ci wa Najeriya kofin Afirka a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanci aikin injiniya a kwalejin fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanci shari'a a Jami'ar Legas, daga baya ya zama Antoni-Janar na Jihar Ribas. Wilfred Ndidi yana tsakiyar buga wa Leicester ya shiga Jami'ar De Montfort a 2019 don karatun kasuwanci. Hakeem Olajuwon kuwa ta Jami'ar Houston da ke Amurka ya bi a 1980 kafin ya shahara a ƙwallon kwando ta NBA. Har yau jami'o'in Amurka na ba 'yan wasa tallafin karatu, amma sai sun duba sakamakon sakandare. A gida ma akwai wasannin jami'o'i na NUGA, waɗanda sai ɗalibi ke shiga.

Aikin iyaye ya fara ne daga zama da koci. Uba ko wan yaro ya je filin da kansa, ya gabatar da kansa, a yi yarjejeniya: babu atisaye a lokacin makaranta ko Islamiyya, kuma a ƙarshen kowane zango koci zai ga katin sakamako. Yaro kan ji maganar kocinsa fiye da ta kowa, don haka idan ya san faɗuwa a lissafi na iya sa a ajiye shi a benci, zai ɗauki littafi. Hana ƙwallon baki ɗaya ba ya cika yin amfani, yakan sa yaro ya riƙa zuwa a ɓoye.

Shekarar aji shida ita ce mafi nauyi, domin JAMB da WAEC da NECO kan zo a jere daga wajen Afrilu zuwa Yuli. A waɗannan watanni a rage atisaye zuwa kwana biyu ko uku a mako, a dakatar da tafiye-tafiyen gasa zuwa wasu garuruwa. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, wanda shi ne sharaɗin shiga jami'a a yawancin fannoni. A kuma lura da barci: matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma wanda ya yi atisaye da yamma ya zarce gidan kallo har tsakar dare, gyangyaɗi zai yi a aji.

Wanda ya riga ya bar makaranta ma yana da hanyar komawa. WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawar masu zaman kansu a kowace shekara, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, inda ɗan wasa zai iya yin digiri ba tare da ya bar kulob ɗinsa ba.