Maginan Tukwanen Da Suka Toya Lissafinsu A Wuta

A gefen garin Millau da ke kudancin Faransa, inda kogin Tarn ya haɗu da na Dourbie, akwai wani fili da ake kira La Graufesenque. A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (A.S.), zamanin mulkin Rumawa, ƙauye ne na maginan tukwane, waɗanda jajayen kwanukansu na yumɓu suka kai har Ingila da Arewacin Afirka.

Abin da ya fi jan hankalin masana masu haƙa ƙasa shi ne wasu farantai masu rubutu da aka tono a wurin. Ashe magina da yawa ne suke haɗa kayansu a matoya guda, wuta ɗaya takan toya wajen kwanuka 30,000. Da alama don gudun rigima ranar kwasa, sai a karce sunan kowa, da irin kayansa da yawansu, a jikin ɗanyen faranti, a toya shi. Lissafin da ya shiga wuta kuwa, ba mai iya goge shi.

Kasuwarsu ta kai har Italiya. A garin Pompeii, wanda aman dutse ya binne a shekarar 79, an tono akwati mai kwanuka 90 irin nasu da fitilu 37. Mai kayan bai kai ga kwance su ba.