Sirrin Makunni: Daga Maɓallin Kwamfuta Zuwa Dutsen Guga

Gabatarwa

A ƙaramar hukumar Fagge ta birnin Kano akwai sana'o'i biyu da ba kowa ne zai ga abin da ya haɗa su ba. Ta farko ita ce ta teloli da masu wanki da guga, waɗanda dutsen guga na lantarki ya zame musu abokin aiki na kullum. Ta biyu kuwa ita ce ta masu buga takardu da kwamfuta a shagunan Sabon Gari, waɗanda yatsunsu ke yini a kan maɓallai. Amma idan aka kwance dutsen guga, aka kuma ɓamɓare maɓalli ɗaya daga allon rubutun kwamfuta, za a tarar da matsala iri ɗaya ce masu ƙira suka warware a ciki, wato yadda za a haɗa ƙarafa biyu wuta ta wuce, a kuma raba su wuta ta tsaya, a daidai lokacin da ake so. Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira makunni. Bambancin kawai shi ne, na kwamfuta yatsa ke motsa shi, na dutsen guga kuwa zafi.

Mene ne makunni?

Wutar lantarki ba ta gudana sai ta sami hanya rufaffiya, wadda ta taso daga tushen wutar, ta ratsa na'ura, ta kuma koma inda ta fito. Makunni gada ce a kan wannan hanya. Idan bakunan ƙarfensa biyu suka haɗu, an shimfiɗa gada. Idan suka rabu, an ɗage ta.

Sai dai akwai wahalhalu biyu. Ta farko, idan bakunan suka rabu sannu a hankali alhali wuta mai yawa na gudana, sai wutar ta yi tsalle ta ratsa ɗan ratar iskar da ke tsakaninsu, ta haifar da tartsatsi mai tsananin zafi. Wannan tartsatsi yana cinye ƙarfen, wani lokaci ma ya narkar da bakunan su manne kamar an yi musu walda. Ta biyu, idan bakunan suka haɗu da ƙarfi, sukan yi ɗan tsalle-tsalle kamar ƙwallon roba da aka jefa a kan daɓe, kafin su natsu. Wahala ta farko ita ke damun mai ƙera dutsen guga, ta biyu kuma mai ƙera maɓallin kwamfuta.

Abin da ke ƙarƙashin yatsa

Allon rubutun kwamfuta ya gaji tsarin haruffansa daga tafireta, wadda Christopher Latham Sholes ya yi wa rajista a Amurka a 1868, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da ita a 1874. A tafireta ƙarfin yatsa ne ke ɗaga sandar harafi ta doki takarda. A kwamfuta kuwa yatsa ba ya buga komai, makunni kawai yake rufewa.

Irin allon da ya fi yawa a kasuwa, saboda arharsa, shi ne mai ƙoƙon roba. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan ƙoƙo na roba a kife. Idan aka danna, da farko ƙoƙon yana turjewa, sannan ya lotsa gaba ɗaya, ya matse wasu siraran ledoji biyu masu zanen hanyoyin wuta, su taɓa juna. Da an ɗaga yatsa sai ƙoƙon ya koma yadda yake. Da daɗewa robar takan gaji, shi ya sa tsohon allo ke yin lagwani a hannu.

Iri na biyu shi ne wanda kowane maɓalli ke da makunninsa na ƙarfe. Mafi shahara shi ne Cherry MX, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a farkon shekarun 1980. A cikinsa akwai ɗan sanda na roba mai tauri, da sifirin, da wasu ganyayen ƙarfe biyu masu baki da aka shafa wa zinariya, domin zinariya ba ta tsatsa. Sandan yana iya nutsewa milimita 4, amma bakunan suna haɗuwa tun yana milimita 2. Nauyin da ake bukata don danna shi bai wuce na giram 45 zuwa 60 ba. An ƙera shi ya jure dannawa sau miliyan 50. Ɗalibi na iya yin lissafi: idan ana danna harafi ɗaya sau 5,000 a kullum, zai ɗauki kwana 10,000, wato fiye da shekara 27.

Iri na uku, wanda ya fi ban sha'awa ta fuskar kimiyya, shi ne na allon Model M da kamfanin IBM ya fitar a tsakiyar shekarun 1980. Ɗauki tsinken tsintsiya ka tsayar da shi a kan tebur, ka danna kansa da yatsa. Zai tsaya ƙyam har zuwa wani matsayi, sannan nan take ya lanƙwashe gefe. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan lanƙwasa tun a 1744. A allon IBM, dogon sifirin ne ke yin haka. Da ya lanƙwashe sai ya tunkuɗa wata 'yar guduma ta rufe hanyar wuta. Ƙarar da mai bugu ke ji, da saukin da yatsansa ke ji, duk suna zuwa ne a daidai lokacin da harafin ya shiga.

Allo na yau da kullum yana da maɓalli 104 ko kusa da haka, amma ba a ja wa kowanne wayarsa. Ana shirya hanyoyin wuta ne a tsaye da kwance kamar saƙar zare, a sa makunni a kowace mahaɗa. Alal misali, layi 8 a kwance da 16 a tsaye suna ba da mahaɗa 128 da waya 24 kacal. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ke cikin allon tana zagaya layukan ɗaruruwan sau a daƙiƙa guda, tana duba inda aka rufe. Ita ce kuma ke maganin tsalle-tsallen bakunan ƙarfe: idan ta ga makunni ya rufu, sai ta yi watsi da duk wani motsinsa na tsawon kimanin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan ƙurar hunturu ta shiga bakunan, tsallen yakan zarce wannan lokaci, sai a danna harafi sau ɗaya ya fito sau biyu.

Ya kamata a lura cewa makunni bai san harafi ba. Lambar mazauninsa kawai yake aikawa, manhajar kwamfuta ce ke fassara ta. Saboda haka allon da aka yi don Turanci zai iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ, muddin an sauya tsarin fassarar. Wannan ilmi ya shafi kowane ɗalibin sakandare, tun da yake daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma ta kwamfuta baki ɗaya.

Ƙarfen da ke jin zafi

Kusan kowane ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, amma ba daidai wa daida ba. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita 1, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100 na ma'aunin Selshiyas, tana ƙara tsawon kimanin milimita 1.2. Ta tagulla kuwa tana ƙara kimanin 1.9. To, idan aka manne sirara biyu na waɗannan ƙarafa baya da baya fa? Tagulla na son miƙewa fiye da abokin zamanta, ga shi kuma ba halin rabuwa, sai dole su tanƙwara, tagulla a waje, baƙin ƙarfe a ciki. Wannan shi za mu kira tagwayen ƙarfe.

Abin mamaki a nan shi ne yadda ƙaramin bambanci ke zama babban motsi. A tagwayen ƙarfe mai tsawon santimita 10 da kaurin rabin milimita, bambancin miƙewar bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma bakinsa zai kauce da kusan santimita guda. Maƙerin agogo John Harrison na Ingila shi ya fara amfani da wannan dabara, a agogon jirgin ruwa da ya kammala a 1759, don kada sauyin zafi ya ɓata masa lokaci. A 1896 Charles Guillaume, ɗan ƙasar Suwizalan, ya gano wani gaurayen baƙin ƙarfe da nikel wanda kusan ba ya miƙewa, mai suna Invar, ya kuma sami kyautar Nobel a 1920. Da shi ake yin ɓari ɗaya na yawancin tagwayen ƙarfe na yanzu.

A cikin dutsen guga, tagwayen ƙarfen yana manne da tafin dutsen. Idan zafi ya kai inda aka saita, sai ya tanƙwara ya ture bakin makunni, wuta ta yanke, 'yar fitilar ta mutu. Idan ya huce sai ya miƙe, wuta ta dawo. Abin murɗawar da ke saman dutsen ba ya ƙara ƙarfin wuta, nisan da tagwayen ƙarfen zai yi kafin ya yanke ta yake sauyawa. Ɗigo ɗaya na nufin kimanin digiri 110, biyu 150, uku kuwa 200, wanda ya dace da auduga irin ta shadda.

Tun da tagwayen ƙarfe a hankali yake tanƙwara, ana haɗa shi da wani ganyen sifirin mai ɓallewa farat ɗaya, ko kuma a ƙera shi kamar faifai mai ɗan zurfi, wanda ke juyewa nan take kamar gindin tsohuwar tasa idan aka danna shi. Ta haka bakunan ke rabuwa da sauri, tartsatsi bai samu damar yin ɓarna ba. Wannan ita ce ƙarar "ƙas" da mai guga ke ji, kuma 'yar'uwar ƙarar maɓallin IBM ce. Har ila yau, zafin da makunnin ke kashewa ya ɗan ɗara wanda yake sake kunnawa. Ba don wannan rata ba, da ya yi ta kaɗawa ba hutu har ya ƙone.

Irin wannan faifai ne a butar lantarki, inda tururi ke bi ta wata 'yar kafa ya same shi. Shi ya sa butar da aka bar murfinta a buɗe ba ta saurin kashe kanta. Shi ne kuma ke gadin injin firji: idan wuta ta zo da rauni, injin ya kasa tashi, ya fara zafi, sai faifan ya yanke wutar.

Mai gadi na ƙarshe

Me zai faru idan bakunan makunnin dutsen guga suka manne? Mutane da dama na zaton fis ɗin filogi zai ƙone ya cece su. Ba haka ba ne. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan wutarmu mai bolt 230 yana jan amfiya 4 da 'yan kai, ko makunninsa na da lafiya ko ya manne. Fis mai amfiya 13 yawan wuta yake aunawa, ba zafi ba, don haka ba zai ga laifin komai ba har tufafi su kama.

Saboda haka ne masu ƙira ke ƙara wani abu da ake kira fis ɗin zafi. Ɗan bututu ne na ƙarfe, tsawonsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. A cikinsa akwai wani dunƙulen sinadari mai kama da kakin zuma, wanda ke tokare sifirin. Idan zafi ya haura iyakar da aka rubuta a jikinsa, dunƙulen ya narke, sifirin ya saki, hanyar wuta ta yanke har abada. A dutsen guga iyakar takan haura digiri 200, a injin fanka kuwa takan kasance tsakanin 115 da 150. Da gangan aka yi shi ba ya gyaruwa, domin ƙonewarsa shaida ce cewa akwai wata cuta a na'urar.

A nan ne hatsarin yake. Sau da yawa idan aka kai irin wannan dutse wurin gyara, wasu sukan cire fis ɗin su haɗa wurin da guntun waya. Dutsen zai yi zafi, mai shi ya yi murna, alhali an kori mai gadi an bar ɓarawo a cikin gida. Idan aka ɗauke wuta, aka rufe shago ba a zare filogi ba, wuta ta dawo cikin dare, babu sauran abin da zai tsayar da zafin. Kanawa ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta lashe dubban shaguna cikin dare. A kasuwa irin Kantin Kwari, inda aka jibge yadudduka shago na jingine da shago, na'ura ɗaya da aka cire wa kariya ta isa ta jawo asarar da ba ta misaltuwa. Gyaran da ya dace shi ne a gano abin da ya ƙona fis ɗin, a gyara shi, sannan a sa sabon fis mai lamba daidai da ta tsohon.

Gwaji don aji

Malami na iya nuna aikin tagwayen ƙarfe ba tare da kashe kuɗi ba. A samo takardar naɗe cingam, irin mai ƙyalli a gefe ɗaya da farar takarda a ɗayan. A yanka ta siririya, a riƙe da ɗan matsefi, a kusantar da ita jikin butar ruwan zafi ko a saman kyandir daga nesa. Za ta nannaɗe zuwa gefen takarda, domin gorar ruwa ta fi takarda miƙewa. Sai a tambayi ɗalibai: idan aka sa ta cikin firji, ina za ta tanƙwara?

Kammalawa

Mun ga cewa makunni nagari, na yatsa ne ko na zafi, dole ya tara ƙarfi a hankali, ya sake shi farat ɗaya, ya kuma bar rata tsakanin kunnawa da kashewa. Idan na kwamfuta ya gaza, harafi ne zai ɓace. Idan na dutsen guga ya gaza, dukiya da rai ne a kan hanya. Don haka ɗalibin da ya fahimci wannan darasi yana da hakkin isar da shi gida da shago: a zare filogi da zarar an ɗauke wuta, kada kuma a yarda a maye gurbin fis ɗin zafi da waya, komai arhar gyaran.