Hoton namu ne, rigar ta Sin ce

Tun kafin a kaɗa gangar zaɓen 2027 masu buga zane a jikin tishat suka fara gyara injinansu, domin sun san kakarsu ta ƙarato. Ba siyasa kaɗai ke ciyar da su ba yanzu. Ɗaliban da ke kammala jami'a, da abokan ango masu neman anko, da ƙungiyoyin ƙwallon unguwa, da makarantun Islamiyya ranar sauka, kowa na son riga mai ɗauke da sunansa. Ana kawo wannan bunƙasa a matsayin shaidar cewa matasa sun kama sana'a. Sun kama, amma abin da ke saura a hannunsu kuɗin guga ne kawai, kuma wannan ya isa ya tayar wa kowa hankali.

Sauƙin shiga sana'ar ne ya jawo cunkoson. A da sai mutum ya koyi aikin firam da raga, ya ware kowace kala da allonta, don haka riga goma ba ta biyan wahalar shiri. Yau yaro mai kwamfuta da CorelDraw zai tsara zane, a buga masa a kan leda da injin DTF, ya ɗora a riga ya danne da injin zafi, ko da guda ɗaya aka nema. Sai dai a duba abin da ya shiga cikin wannan riga. Injin daga waje ya zo, haka tawada da leda da garin mannewa. Uwa uba ita kanta farar rigar, wadda ta fi komai cin kuɗi, a dila take shigowa Kantin Kwari, akasari daga Sin. Shi ya sa da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kowane abu a shagon ya tashi lokaci guda, ga fetur ɗin janareta da aka cire wa tallafi. Mai bugu bai isa ya ɗora wa kwastoma duk wannan ba, don akwai shago uku a layinsu da za su karya farashi. Mafitar da ta rage masa ita ce ya koma kan yadin roba mafi arha, wanda ke dafa mutum a zafin Afrilu, zanen kuma ya fara ɓarewa bayan wanki kaɗan.

Wannan na faruwa ne a ƙasar da Funtuwa da Gusau da Malumfashi suka yi suna da auduga, inda aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964 har ta rufe a 2007. Gaskiya ne waɗannan masaƙu atamfa da akoko suka fi yi, tishat kuwa saƙa ce ta daban mai talewa. Amma tushen duka biyun zare ne, kuma wurin da aka daina kaɗa zare ba zai wayi gari yana ɗinka tishat mai araha ba. Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati a 2019, sannan aka janye hanin a Oktoban 2023. A tsakanin nan ba a gyara wuta ba, ba a toshe fasa-ƙwauri ba, saboda haka babu mai jarin da zai zuba kuɗi a injin saƙa bisa dokar da ba ta kai shekara biyar ba.

Za a ce ai ko Amurka daga waje take shigo da fararen rigunanta, masu bugu a can kuma suna samu. Haka ne. Sai dai a can zanen ake saye, mai shi kuma yana da haƙƙin mallaka da zai kare. A nan kwastoma rigar yake tayawa, tsara zane kuwa gyara ce da ake yi masa kyauta. Wanda ya ɓata dare ya fito da zane mai kyau daga dagi ko adon ginin Hausa, cikin mako zai gan shi a shagon maƙwabci, an kwafe daga WhatsApp. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan, amma ƙaramin mai zane ba shi da kuɗin lauya. Sakamakon shi ne kowa ya koma saukar da hoto daga intanet, ya liƙa suna a ƙasa.

Manyan kwangilolin siyasa ma ba lallai su tsaya a shagunan unguwa ba. Mai son riga dubu ɗari zai nufi Shomolu a Legas, ko ya sa a bugo su gaba ɗaya daga Guangzhou. Jam'iyyun da za su hau mumbari su yi alkawarin farfaɗo da masaƙu suna cikin manyan masu sayen tishat a ƙasar nan, kuma ba a buƙatar wata sabuwar doka kafin su sharɗanta wa ɗan kwangila cewa audugar gida za a saƙa.