Ko Kun Sani? Yadda Turanci da Hausa Ke Shigar da Mutum Wuri

Ko kun san cewa a Turanci aikatau kan ɗauki kaya biyu a lokaci guda? Kalmomi irin su walked, ran da drove suna nuna cewa abin ya riga ya faru, suna kuma faɗin yadda aka yi tafiyar. Shigar kanta kuwa, ƙaramar kalmar into ce ke nuna ta. Idan ɗalibi a garin Kekun Waje ya rubuta "The boy ran into the classroom", Bahaushe zai ce "Yaro ya shiga aji da gudu". A nan "ya" ke riƙe da lokaci, "shiga" ke nuna hanya, gudun kuma ya biyo baya. Masanin harshe Leonard Talmy ya yi bayanin wannan bambancin tsakanin harsunan duniya a 1985.

Hausa na da nata gwanintar. Wanda ke zaune a Gusau zai ce baƙo "ya shigo", na Tsafe ko Bungudu kuwa ya ce "ya shiga Gusau". Wasalin "o" kaɗai ya nuna inda mai magana yake. A rabe-raben aikatau na Hausa da F. W. Parsons ya fitar a 1960, masu ƙarewa da "o" irin su "shigo" su ne aji na 6.

Masu shirin jarrabawar WAEC da NECO su kiyaye: entered ta samo asali daga Faransanci, kuma tana ɗauke da shigar a cikinta. Saboda haka "She entered the market" ake cewa, ba a ƙara mata into.